Yadda Ake Ƙiyasin Bulo, Siminti, Yashi da Rodi Kafin a Sa Diga a Ƙasa

Ka zaga kowace sabuwar unguwa a bayan gari, ba za ka rasa kango ba: gini ya kai linta ya tsaya cak, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, awaki suna shan inuwa a falon mutum. Ba dukansu ne talauci ya faɗo wa masu su rana tsaka ba. Da yawa tun ranar farko a kan "ai zai isa" aka ɗora su. Mai gida ya tambayi magini buhu nawa aikin zai ci, magini ya ɗaga kai ya kalli sama ya ce sittin, domin ya san in ya faɗi gaskiya mutumin zai tsorata, aiki ya kuɓuce masa. Sittin ta ƙare ba a kai taga ba, sai rigima.

Na daɗe a wannan sana'a, tun ina ɗaukar kwanon sarki har na kai ga riƙe ƙananan kwangiloli, kuma lissafin kayan gini bai fi ƙarfin duk wanda ya iya ninkawa da rabawa ba. Zan bi da kai ta misali ɗaya, daga tushe har filasta: ciki da falo, tsawo mita 8, faɗi mita 4, bango ɗaya a tsakiya, ƙofa biyu, taga uku, da bulo mai inci 9. Rufi da wayarin da tayil da fenti ba sa cikin wannan lissafi, kowanne da mai sana'arsa. In ka fahimci wannan, gida mai ɗaki huɗu ma hanyar ɗaya ce, lambobin ne kawai za su ƙaru.

Abin da za ka tanada

- Tef ɗin awo, babba mai mita 30 don fili, ƙarami mai mita 5 don ƙofa da taga da bayan tifa.
- Littafi mai layi da biro. Kada ka yi lissafi a jikin takardar buhu ko a bango da gawayi, gobe za ka neme shi.
- Kalkuleta. Ta waya ma ta wadatar.
- Zanen ginin. In ba ka da na mai zane, ka zana da hannunka, ka rubuta awon kowane bango a jikinsa.
- Kwalbar roba mai haske, fanko, don gwada yashi.
- Farashin yau daga bakin dillalai aƙalla uku, ba wanda abokinka ya saya bara ba.

Lambobin da za ka haddace

Mu a wurin aiki da ƙafa da inci muke magana, amma lissafi ya fi sauƙi da mita. Ƙafa ɗaya mita 0.305 ce, wato ɗaki ƙafa 12 kusan mita 3.6 ke nan. Ka mayar da komai mita tun farko. Cakuɗa ƙafa da mita a layi ɗaya shi ne kuskuren da ya fi kayar da sabon hannu.

Tsawo sau tsayi yana ba ka murabba'in mita, da shi ake auna bango da filasta. Tsawo sau faɗi sau kauri yana ba ka abin da muke kira kubik, da shi ake auna kankare da yashi da tsakuwa.

Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ne ko BUA ko Ashaka, kuma yana cika kwanon sarki biyu. Baro ɗaya a shafe kusan kwano huɗu ne. Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45, tsayinsa 22.5, kaurinsa 22.5, mai inci 6 kaurin ne kawai ya bambanta, santimita 15. Sandar rodi cikakkiya mita 12 ce.

Sai kwaɓi. In ka ji an ce 1:2:4, ana nufin siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A aikace buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Kubik ɗaya na wannan kwaɓi yana cin siminti buhu 6.3, yashi kubik 0.44, tsakuwa kubik 0.88. Shi ake yi wa fila, wato ginshiƙin kankare, da linta da daɓe. Na 1:3:6 kuwa, buhu ɗaya, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12. Kubik ɗaya yana cin buhu 4.4, yashi 0.46, tsakuwa 0.92. Wannan na ƙasan tushe ne. In ka haɗa lambobin ka ga sun haura kubik ɗaya, ba kuskure ba ne. Yashi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti ya shige tsakanin yashi, saboda haka busassun kaya kusan kubik ɗaya da rabi ne suke ba da kubik ɗaya na kankare.

1. Fitar da jimillar tsawon bango

Dogayen bango biyu, 8 da 8. Gajeru biyu, 4 da 4. Mita 24 ke nan. Bangon tsakiya kusan mita 3.6. Jimilla 27.6, mu ce 28. Ka rubuta wannan lamba ka zagaye ta, domin kusan duk sauran lissafin a kanta zai hau.

Ka bi zanen da biro, duk bangon da ka ƙidaya ka sa masa alama. Bangon tsakiya da na banɗaki da ɗan guntun da yake riƙe baranda su ne ake mantawa. Ni kaina a aikin farko da na riƙe na manta bangon tsakiya ɗungurungum, mai gida ya ɗauka na karkatar da bulo ne. Sai da na zaunar da shi muka ƙirga a jikin gini layi-layi kafin ya yarda cewa rashin iya lissafi ne, ba sata ba. Duka biyun babu mai daɗin ji.

2. Tushe

Ƙa'idar da aka saba, faɗin ramin tushe ya ninka kaurin bulo sau uku. Ga inci 9, mita 0.675 ke nan. Kankaren da za a zuba a ƙasan ramin kaurinsa mita 0.225.

28 × 0.675 × 0.225 = kubik 4.25.

Da kwaɓin 1:3:6, siminti 4.25 × 4.4 ya ba da 18.7, wato buhu 19. Yashi kubik 2, tsakuwa kubik 4.

A kan kankaren za a jera bulo layi uku kafin a kai wurin daɓe, tsayin kusan mita 0.75. 28 × 0.75 = murabba'in mita 21, kowane murabba'in mita a lissafa masa bulo 10, bulo 210 ke nan.

Ga abin da kusan kowa yake tsallakewa: ramukan bulon tushe ana cika su da kankare, ba a barinsu fanko, ba a kuma cusa musu ƙasa. Buhu ɗaya yana cika ramukan bulo kamar 25. Ka sa buhu 8, yashi kubik 0.8, tsakuwa 1.6. Buhu takwas ba ƙaramin abu ba ne a ce sai ranar aiki aka tuna da shi.

Wannan awo na ƙasa mai ƙarfi ne, irin jar ƙasa ko burji. In filinka fadama ne, ko tsohuwar kududdufi da aka cike da shara, ko baƙar laka mai tsagewa da rani irin firgin da ke gabashin Borno, ka ajiye lissafina ka nemi injiniya ya duba ƙasar. Haka in bene kake so, ko da sai nan gaba za ka ɗora. Tushen bene ba a ƙiyasta shi da ido, kuma rodin dakin, wato kankaren da ake zubawa tsakanin hawa da hawa, injiniya ne yake fitar da shi a zane.

In filin yana da gangara, ka auna da tiyo mai ruwa ko ka sa magini ya ja igiya ka ga bambancin. Wani ɓangaren zai ci layi uku, wani biyar. Ka lissafa kowane gefe da nasa tsayin.

3. Ciko da daɓe

Cikin ɗakunan biyu, bayan an cire kaurin bango, kusan murabba'in mita 26 ne. In cikon zai yi zurfin mita 0.3, kubik 7.8 ke nan. Amma ƙasa tana zama in an jiƙa ta an daddaɓe, don haka ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu: kubik 10 na jar ƙasa. Ƙasar da aka haƙo daga ramin tushe za ta rage maka wani abu in mai kyau ce. Ta saman nan mai ciyawa da saiwa kuwa a kwashe ta gefe, ruɓewa take yi daɓe ya lotsa.

Daɓen kankare yana hawa har kan bulon tushe, saboda haka da awon waje ake lissafa shi: 8 × 4 × 0.1 = kubik 3.2. Da 1:2:4, buhu 21, yashi 1.4, tsakuwa 2.8. Ka sa kuɗin leda mai kauri da za a shimfiɗa a ƙarƙashi da maganin gara. Ledar ita ke hana danshi tasowa, kuma duk wanda ya taɓa ganin fenti yana ɓarewa daga gindin bango da damina ya san ba kuɗin banza ba ne.

4. Bulon sama

Tsayin bango daga daɓe zuwa inda katakon rufi zai zauna mita 3, kusan layi 12.

28 × 3 = murabba'in mita 84.

Yanzu a cire wuraren da ba bulo. Ƙofa 0.9 × 2.1 = 1.89, guda biyu 3.78. Taga 1.2 × 1.2 = 1.44, guda uku 4.32. Linta da za ta zagaye ginin, 28 × 0.225 = 6.3. In ka ɗebe su duka daga 84, saura 69.6, mu ce 70.

70 × 10 = bulo 700. Da na tushe, 910.

A gaskiya murabba'in mita ɗaya bulo tara yake ci in an haɗa da kwaɓin da ke tsakani. Goman da muke amfani da ita ta riga ta ɗauke wanda zai fashe wajen saukewa da wanda za a sare a kusurwa da gefen taga. Saboda haka kada ka sake ɗora wani kaso a kai, za ka wayi gari da tulin bulo ba wurin sa shi. In ba ka son lissafin murabba'i, ga hanyar tsofaffin magina: raba tsawon bango da 0.46, zai ba ka bulon layi ɗaya, a nan 61. Sai ka ninka da yawan layi ka cire na ƙofa da taga, ka ƙara ɗaya a kan kowane goma.

In za ka yi rawani a sama don ɓoye kwano, kamar yadda aka fi yi a Kano da Katsina da Zariya saboda iskar farkon damina, ka ƙara layi biyu ko uku a bangon waje kaɗai, wato a kan mita 24, ba 28 ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya yin bangon tsakiya da inci 6. Yawan bulon bai canza ba, farashin ne yake sauka. Tushe dai a bar shi a inci 9.

Saye ko bugawa? In kana da fili da ruwa da wanda zai tsaya a kai, bugawa ta fi, domin kai ne ka san abin da aka zuba. Ni ba na yarda buhu ɗaya ya haura bulo 30 zuwa 35 na inci 9. Bulo 910 ke nan zai ci maka buhu 26 zuwa 30 daban, ka sa shi a layinsa. In saye za ka yi, je gidan bulon da kanka. Ka murza gefensa da yatsa. In yashi yana zubowa kamar gari, juya ka tafi. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa. Mai kyau zai iya ɓantarewa a gefe, amma ba zai watse ba. Kuma ka tambayi kwanansa nawa da bugawa. Bulon jiya da aka ɗoro a mota, kafin a sauke shi kashi guda ya zama ɓaraguzai.

5. Kwaɓin jera bulo

Buhu ɗaya da yashi kwano 12 yana jera bulo kamar 50 na inci 9, ko 60 zuwa 70 na inci 6. 910 a raba da 50, buhu 19. Yashi kubik 4.

Wannan lamba a hannun magini take. Wani kwaɓin da yake zubarwa cikin ramin bulo da ƙasa ya kusa kai wanda yake ɗorawa. Ranar farko ka tsaya ka ƙirga da idonka buhu ɗaya bulo nawa ya jera, sai ka gyara lissafinka da abin da ka gani.

6. Fila, linta da rodi

A nan ne kuɗi yake zurarewa ba a gani, don haka mu bi a hankali.

Fila shida: huɗu a kusurwa, biyu a inda bangon tsakiya ya haɗu da na waje. Kowace daga kan kankaren tushe zuwa sama mita 3.75. 0.225 × 0.225 × 3.75 = 0.19, sau shida kubik 1.14. Linta 28 × 0.225 × 0.225 = 1.42. Jimilla 2.56. Da 1:2:4, buhu 17, yashi 1.1, tsakuwa 2.3.

Kowace fila tana ɗaukar rodi huɗu mai milimita 12. Tsawon kowane mita 3.75, da lanƙwasar ƙafa da za ta zauna cikin tushe, mita 4. Guda 24 ke nan. Kada ka ce 24 × 4 = 96 ka raba da 12 ka tsaya nan. Ka tambayi kanka sanda ɗaya guda nawa za ta fitar. In cikakkiyar mita 12 ce, uku cif, sanda 8 ta isa. Amma ba kowace sandar da ke kasuwa ce take cika 12 ba. In ta zo a 11.5, guda biyu kawai za ka samu, da ragowa mai mita uku da rabi, sai ka koma buƙatar sanda 12. Ragowar ba asara ba ce, za ta shiga linta, amma sai in ka san da ita tun farko ka gaya wa mai ɗaurin rodi. In ba haka ba za ka ga guntayen sun bi 'yan gwangwan. Saboda haka ka je kasuwa da tef ɗinka, ka auna sanda ɗaya a gaban mai shago kafin ka biya.

Linta ma rodi huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa. 28 × 4 = mita 112. Inda sanda ta ƙare wata ta ɗora sai sun haɗu sun yi kamar rabin mita ko fiye, don haka ƙara kashi 10 cikin 100: 123, a raba da 12, sanda 11. Da na fila 19. Ka sayi 20.

Sai zobe, wanda yake ɗaure sandunan huɗu. Ana yin sa da milimita 8 ko 10. Kowane zobe yana cin mita 0.8, sanda ɗaya tana fitar da 15. In an jera su tazarar santimita 20, kowace fila za ta ci 20, shida 120, linta 140. Zobe 260 a raba da 15, sanda 18. Wayar ɗauri kilo 4 zuwa 5.

Wata dabara ta gane rodin da aka rage wa kauri ita ce nauyi. Cikakkiyar sanda mai milimita 12 tana da kusan kilo 10.7, wato tan ɗaya sanda 94 ko kusa da haka. Mai 16 kusan kilo 19, tan ɗaya 53. Mai 10 kilo 7.4, tan ɗaya 135. In mai shago ya yi maka albishir cewa tan ɗinsa na 12 ya haura sanda ɗari da goma, ba kyauta ya yi maka ba, siririn rodi ne.

Katakon da za a tare kankare, mai faɗin ƙafa ɗaya da tsawon ƙafa 12, gefen linta biyu mita 56 ne, wato guda 16, da ƙarin biyu ko uku na ƙarƙashin ƙofa da taga. Wanda aka yi fila da shi ana cirewa a yi linta da shi, ba sai ka saya sau biyu ba. In ba ka da wani aiki a gaba, haya ta fi saye. Ka sa ƙusa da kuɗin kafinta.

7. Filasta

Bango 84, a cire ƙofa da taga 8.1, saura 76. Ciki da waje, 152. Da gindin bango na waje da bakin taga da ƙofa, mu ce 160. Buhu ɗaya da yashi mai laushi kwano 10 yana shafe murabba'in mita 10 a kaurin santimita ɗaya da rabi. Buhu 16, yashi mai laushi kubik 3.

In bangon ya karkace, filasta ce take biyan bashin, buhu 16 ya koma 22. Shi ya sa magini mai arha da ba ya sa igiya da ma'auni yakan fi tsada a ƙarshe.

8. Haɗa jimilla, ka mayar da kubik zuwa tifa

- Siminti: 19 + 8 + 21 + 19 + 17 + 16 = buhu 100. Da ƙarin kashi 5 cikin 100, 105.
- Bulo: 910.
- Yashin kankare da gini: 9.3, mu ce kubik 10.
- Yashi mai laushi: kubik 3.
- Tsakuwa: 10.7, mu ce kubik 11.
- Jar ƙasa: kubik 10.
- Rodi mai 12: sanda 20. Na zobe: sanda 18.

Ka tuna maginin nan da ya ce sittin.

Yashi da tsakuwa ba a sayar da su da kubik a bakin hanya, da tifa ake magana, kuma "tifa" ba awo ba ce. Akwai ƙarama akwai mai taya goma, kuma ko iri ɗaya ne lodi ya bambanta. Ka hau bayan motar da tef, ka auna tsawo da faɗi da tsayin inda kaya ya tsaya, ka ninka. In bayan ya yi mita 3.5 da 2.2 kuma yashi ya kai 0.7, kubik 5.4 ne, kana buƙatar biyu. Ka auna kafin a juye. An taɓa kawo mini lodi da aka tula a tsakiya kamar tuwo, daga ƙasa ka rantse ya cika, da na hau sai ga kusurwa huɗu fayau. Da zarar an juye a ƙasa magana ta ƙare. In daga wurin fasa dutse za ka sayi tsakuwa, can da tan suke awo, kubik ɗaya kusan tan ɗaya da rabi ne. Namu 11 zai kama tan 17.

Kafin ka karɓi yashi, zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye ta kamar awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta zauna a kansa. In lakar ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, ba na kankare ba ne. Inda babu tsakuwar inji, ta rafi ko wadda ake fasawa da hannu tana yi wa ƙaramin gini irin wannan, muddin an tankaɗe an wanke ƙasar jikinta.

9. Sa farashi

Ka ja layi huɗu a littafinka: kaya, yawa, farashin ɗaya, jimilla. A ce, don misali kawai, buhu naira 10,000 ne, 105 zai kama 1,050,000. Haka za ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta kwanan wata a saman shafin. Wanda ya yi gini a farkon 2024 bai manta yadda siminti ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan makonni ba, har sai da gwamnatin tarayya ta kira kamfanonin zama a Abuja. Ƙiyasin da ya kwana wata biyu yawan kayansa yana nan daram, farashinsa ne sai an sabunta.

Bayan kaya akwai kuɗin da ba ya zama a jikin bango amma daga aljihunka yake fita. Ɗauko da saukewa: ka tambayi kowane dillali ko farashinsa har da kawowa, kuma wa zai biya masu sauke bulo. Ruwa: buhu ɗaya na kankare yana shan kusan jarka ɗaya mai lita 25 in yashin busasshe ne, amma wannan kaɗan ne a kan ban-ruwa. Kankare yana son a jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Da hunturu iska tana tsotse ruwan kafin ka juya baya, da bazara rana ta ƙarasa. In ba rijiya a kusa, ka lissafa kurar 'yan ga-ruwa ko tanka, da durom ko ɗan kwarmin siminti na tara ruwa. Sai haƙan tushe, hayar injin kwaɓi in za a yi amfani da shi ranar daɓe, mai gadi, da takardar izinin gini daga hukumar tsara birni ta jiharka, irin KNUPDA a Kano.

Kuɗin hannu kuwa hanya uku ce. Ko kullum-kullum, ko a kan kowane bulo da aka jera, ko jinga mataki-mataki. Na kullum yana sa aiki jan ƙafa in ba ka wurin. Na bulo yana sa sauri, sauri kuma yana kawo karkataccen bango. Ni na fi son jinga: tushe zuwa daɓe kaza, daɓe zuwa linta kaza, linta zuwa sama kaza, filasta kaza. A rubuta, da shaida, a faɗi ko kuɗin lebura da abincin rana suna ciki. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da za ka iya haƙura da shi, kuma cikon kowane mataki sai ka duba aikin.

A ƙarshen shafi ka ɗora kashi 10 cikin 100 na jimillar duka. In an haƙa an ci karo da dutse, ko ruwan sama ya rufta ramin tushe cikin dare, daga nan za a ɗauka.

10. Tsara saye daidai da aljihu

In kuɗin bai cika ba, kada ka rage siminti a kwaɓi, ka rage matakin da za ka kai. Lissafin da muka yi ya riga ya rabu da kansa. Tushe zuwa daɓe: buhu 19 da 8 da 21, da kamar 5 na jera bulon tushe, da 2 na gindin fila, wajen 55 ke nan, fiye da rabin simintin duka tun bango bai fito ba. Nan ne wuri mafi kyau na tsayawa a huta, domin daɓe ba ya tsoron damina. Wuri na biyu shi ne bayan an zuba linta. Bangon da ya tashi layi takwas ba abin da ya ɗaure shi a sama, iskar hadari ɗaya tana iya kwantar da shi.

Bulo da tsakuwa da rodi suna jira, ana iya tara su a hankali, rodin dai a ɗaga shi daga ƙasa a rufe. Yashi yana bin ruwa da yaran unguwa, ka kewaye shi da bulo layi ɗaya. Siminti ne ba ya son ajiya. Ka saya na mataki ɗaya kawai, a jera a kan katako nesa da bango, kada tsayin ya wuce buhu goma, kuma kada ya haura wata uku. Buhun da ka taɓa ka ji dunƙule a ciki wanda ba ya murjewa da yatsa, ya sha danshi. A yi dandamalin ƙofar gida da shi, kada ya shiga fila ko linta.

Kullum da yamma ka sa a tara maka buhunan da aka juye, ka ƙirga ka rubuta a gefen lambar da ka ƙiyasta wa wannan mataki. In tushe ya ci 19 ko 20, kuna kan hanya. In ya ci 26, ka auna ramin, wataƙila masu haƙa sun faɗaɗa shi. In kuma 13 ya ci, ka tsaya a wurin kwaɓi gobe da safe ka ƙirga kwanon yashin da ake zuba wa buhu ɗaya.